Bushewar gaba bayan ɗaukewar al'ada: a duba kafin a nemi magani

A Dodoru da sauran ƙauyukan Gwandu da Kalgo, mace mai ciki tana da ranar awo. Mai goyo tana da ranar rigakafi. Amma macen da ta gama haihuwa, al'ada kuma ta ɗauke mata, ba ta da ranar da aka ware mata a asibiti. Takan kai jika ko suruka, ta zauna a benci ta jira, ta koma gida ba wanda ya tambaye ta lafiyar jikinta.

A waɗannan shekaru ne kuwa jikin mace yake yin babban canji. Ɗaya daga cikin canje-canjen shi ne bushewar gaba, abin da mata a tsakaninsu suke kira ɗaukewar ni'ima. Bincike a ƙasashe dabam-dabam ya nuna cewa kusan rabin matan da al'ada ta ɗauke musu suna fama da wannan, kuma kaɗan ne suke gaya wa ma'aikacin lafiya. Wasu kunya ke hana su. Wasu sun ɗauka tsufa ne, sai haƙuri. Wasu kuma sun ce sanyi ne, suna ta sayen magani a kemis wata da watanni.

Mun rubuta wannan bayani domin iyayenmu mata, da mazajensu, da shugabannin zumuntar mata. Bushewar gaba tana da magani. Amma akwai wasu cututtuka, har da masu kisa, waɗanda suke fara nuna kansu da irin alamominta. Saboda haka abu na farko shi ne a duba, a san abin da yake akwai.

Me yake faruwa a jiki?

Ana cewa al'ada ta ɗauke idan mace ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba, alhali ba ta da ciki, ba ta shayarwa, ba kuma magani ne ya tsayar da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata suna kai wannan matsayi tsakanin shekara 45 da 55. Haka jikin mace yake tun fil azal. Littafin Farawa, sura 18, ya ambata cewa al'ada ta riga ta ɗauke wa Saratu.

A gefen mahaifa akwai ma'ajiyar ƙwai guda biyu. Ban da ƙwai, suna zuba wani sinadari cikin jini mai suna istirojin. Ga ayyukan da yake yi:

• Yana sa fatar cikin gaba ta yi kauri, ta yi ninki-ninki kamar zanen da aka tattara, yadda za ta iya buɗewa ta kuma koma daidai.
• Yana sa jini ya riƙa isa wurin sosai. Daga wannan jini ne danshi yake tsattsafowa.
• Yana sa fatar ta tara wani irin sukari wanda ƙwayoyin halitta masu amfani suke ci.
• Yana ƙarfafa hanyar fitsari da mafitsara.

Waɗannan ƙwayoyi masu amfani dangin waɗanda suke mai da madara kindirmo ne. Kowace mace ta san cewa nonon da ya yi tsami ya fi ɗanyar madara daɗewa bai lalace ba. Haka yake a jiki. Ƙwayoyin suna cin sukarin, suna sa cikin gaba ya yi ɗan tsami, tsamin kuma yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa.

Idan al'ada ta ɗauke, istirojin yana raguwa ƙwarai. Fatar tana rasa kauri, ninkin yana bajewa, danshi yana ƙarewa, tsamin kuma yana tafiya. Fata irin wannan tana saurin tsagewa, kamar leɓe a lokacin hunturu. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Shi ya sa mace mai shekara 55 za ta iya fara samun ciwon fitsari a kai a kai, abin da ba ta taɓa yi ba tana da shekara 30. A shekara ta 2014 manyan ƙungiyoyin likitoci biyu suka sake wa matsalar suna domin ya haɗa gaba da hanyar fitsari, tun da tushensu ɗaya ne.

Jin zafin jiki kwatsam da gumin dare, waɗanda mata da yawa suke yi a wannan lokaci, sukan ragu bayan wasu shekaru. Bushewar gaba ba ta tafiya da kanta. Yawanci ƙaruwa take yi idan ba a kula da ita ba.

Mace mai shayarwa ma takan ji bushewa, amma tata tana wucewa idan al'ada ta dawo. Wadda aka cire wa ma'ajiyar ƙwai a tiyata takan ji tun tana da ƙuruciya. Idan al'ada ta ɗauke wa mace kafin ta kai shekara 40, ta ga likita.

Mataki na farko: tambayoyin da mace za ta yi wa kanta

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rabin binciken yana bakin mai jikin, kuma za ta iya fara shi a gida.

1. Yaushe na ga al'ada ta ƙarshe? Idan ba a riƙe wata ba, a tuna da damina, ko girbi, ko Kirsimeti, ko haihuwar wani jika.
2. Ina jin bushewa, ko raɗaɗi kamar barkono, ko ƙaiƙayi? Kullum ne, har a wurin tafiya da zama, ko sai lokacin kwanciya da maigida?
3. Idan akwai zafi wajen saduwa, a bakin gaba yake ko can ciki? Zafin bushewa yakan tsaya a baki. Zafin da yake can cikin mara yana iya nuna wani ciwo dabam.
4. Yaya fitsari? Yana zafi? Yana matsa mini har ba na iya riƙewa? Sau nawa nake tashi da dare? Yana ɗiga idan na yi tari ko ina daka?
5. Akwai ruwan da yake fita? Wane launi ne? Yana wari?
6. Na ga jini, ko da ɗigo ɗaya ne a zane?
7. Da me nake wanke gabana, me kuma nake sawa a ciki? Wane magani na riga na sha?
8. A cikin duka, wanne ne ya fi damuna?

Tambaya ta ƙarshe tana da amfani ƙwarai. Likitoci ma suna yin ta. Mace ta zaɓi abu ɗaya da ya fi damunta, ta ba shi maki: 0 idan babu, 1 idan kaɗan ne, 2 idan yana damunta amma tana aikinta, 3 idan yana hana ta barci ko aiki ko kwanciya da miji. Wadda ba ta rubutu za ta iya ƙulla zare ko ta ajiye tsakuwa. Bayan wata uku da fara magani sai ta sake aunawa, ta ga ko makin ya sauka.

Alamomin da ba a jira da su

Idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan, a tafi asibiti cikin makon nan. Kada a jira a gama girbi:

• Jini bayan al'ada ta yi shekara guda da ɗaukewa, ko sau ɗaya ne, ko ɗan kaɗan ne
• Jini bayan saduwa
• Ruwa mai wari, ko ruwa mai kama da na wankin nama
• Gyambo, ƙullutu ko farin tabo a gaba wanda bai warke ba
• Ciwon mara ko ciwon baya wanda ba ya sauka, tare da rama
• Zafin fitsari tare da zazzaɓi da ciwon kwiɓi

Muna so mu tsaya a kan jini. Al'adar da ta ɗauke shekara guda ba ta dawowa. Sau da yawa fatar da ta rasa kauri ce take ɗan tsagewa ta yi jini, wannan kuwa yana da sauƙin magani. Amma bincike ya nuna cewa a cikin mata goma da suke ganin jini bayan ɗaukewar al'ada, kusan ɗaya tana da sankarar cikin mahaifa, wato ciwon daji. A ƙasarmu kuma akwai sankarar bakin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2020 mata kusan 12,000 suka kamu da ita a Nijeriya, kusan 8,000 kuma suka mutu. Babu mai iya bambanta jinin bushewa da jinin sankara a gida. Sai an duba. Waɗannan cututtuka biyu suna warkewa idan an gane su da wuri.

Mataki na biyu: abin da ake yi a ɗakin duba

Tsoron abin da ba a sani ba yana hana mata da yawa zuwa. Ga yadda ake yi.

Kwana biyu kafin zuwa, kada a sa komai a ciki, kada a wanke ciki, a kuma dakata da saduwa. Waɗannan suna ɓata sakamakon gwaji. A zo da kwalin duk maganin da aka sha. Mace tana da ikon ta nemi ma'aikaciya mace ta duba ta, ta shiga da 'yar'uwa ko 'yarta, a rufe ta da zane, ta kuma ce a tsaya idan ta ji zafi. Idan nauyin baki ya kama ta, kalmomi kaɗan sun isa: "Malama, al'ada ta ɗauke mini shekara uku ke nan. Ina jin bushewa da zafi a gabana."

Duban waje. Ma'aikaciya za ta fara duba fatar waje. Tana neman ko leɓɓan gaba sun shanye, ko ƙofar ta tsuke, ko akwai tsagewa, ja, farin tabo ko gyambo. Za ta duba bakin hanyar fitsari, inda wani lokaci ɗan jan nama yake leƙowa. Za ta ce a yi tari, ta ga ko fitsari yana ɗiga ko mahaifa tana zazzagowa.

Duban ciki. Ana amfani da wani ɗan kayan aiki na ƙarfe ko roba mai kama da bakin agwagwa. Akwai babba, akwai ƙarami. Mai bushewa ta nemi ƙaramin, a kuma shafa masa man santsi. Da shi ake ganin bangon gaba da bakin mahaifa. Lafiyayyen bango yana da ja-ja, da danshi, da ninki. Wanda ya bushe yakan yi fari-fari, ya yi sumul, wani lokaci da ƙananan ɗige-ɗigen jini, kuma yana iya yin jini da an taɓa shi.

Awon tsami. Akwai wata 'yar takarda da ake taɓawa a bangon gaba, sai ta canza launi. Ana gwada launin da lambobi. Ma'aunin sunansa pH, kuma idan lamba ta yi ƙasa, tsami ya yi yawa ke nan. Ga mace mai al'ada lambar takan tsaya wajen 4.5 ko ƙasa. Idan istirojin ya ragu takan kai 5 ko ta wuce. Jini, maniyyi da wasu cututtuka ma suna ɗaga lambar, saboda haka ba a yanke hukunci da ita kaɗai.

Maki biyar. A shekarun 1990 wata likita a Amurka, Gloria Bachmann, ta fito da hanyar auna lafiyar bangon gaba. Ana duba abu biyar: yadda bangon yake buɗewa ya koma, yawan ruwan da yake ciki, tsami, ƙarfin fatar, da danshinta. Kowanne ana ba shi maki daga 1 zuwa 5. Jimla mafi ƙasa 5 ce, mafi sama 25. Idan ta tsaya a 15 ko ƙasa, fatar ta shanye. An fi yin wannan lissafi a wurin bincike da manyan asibitoci, amma abubuwa biyar ɗin nan su ne kowace ungozoma ta asibiti take kallo. Ba ya bukatar wuta ko inji, sai haske mai kyau da takardar awon tsami.

Sauran gwaje-gwaje. Bisa ga abin da aka gani, ana iya gwada fitsari, ko sukari a jini, ko a ɗebi ruwan gaba da auduga a duba a madubin likita. Idan akwai jini, ana yin hoton mahaifa a auna kaurin shimfiɗar cikinta. Idan ya wuce milimita 4, ko jinin ya sake zuwa, akan ɗebi ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Ba a bukatar gwada yawan istirojin a jini kafin a gane bushewar gaba. Kada a kashe kuɗi a kan wannan.

A yi amfani da wannan zuwa a nemi gwajin bakin mahaifa. A ƙananan asibitoci akan shafa ruwan tsami a bakin mahaifa a duba da ido. Wannan hanya ta fi aiki ga matan da ba su kai shekara 50 ba, domin bayan ɗaukewar al'ada wurin da ake dubawa yana komawa ciki. Ga manyan mata gwajin ƙwayar cutar HPV ya fi, ko gwajin da ake ɗiban ƙwayoyin bakin mahaifa a kai ɗakin gwaji.

Cututtukan da suke kama da bushewa

A wurinmu kusan duk ƙaiƙayi da ruwa da ciwon mara sunansu sanyi. Amma kalma ɗaya ce ta rufe abubuwa da yawa, kowanne da maganinsa.

• Ciwon suga. Ƙaiƙayi mai yawan dawowa da farin ruwa mai kauri ga babbar mace yakan zama alamar farko ta suga, musamman idan akwai ƙishirwa da yawan fitsari.
• Tsargiya. Matan da suke shiga ruwa a fadamun shinkafa ko suke wanki a gulbi suna iya ɗaukar ta. Mun saba ganinta a fitsarin yara maza, amma ga mace ƙwan tsutsar yana iya zama a bangon gaba da bakin mahaifa, ya kawo zafi, ruwa da ɗigon jini. A gaya wa ma'aikaciya idan ana aikin ruwa. Maganinta shi ne irin wanda ake raba wa yara a makarantu.
• Cututtukan da ake ɗauka wajen saduwa, har da ƙanjamau. Tsufa ba ya kare mutum. Fatar da take tsagewa ma ta fi ba su hanya.
• Ciwon fata mai sa farin tabo da ƙaiƙayi mai tsanani da dare. Yana da man shafawa na musamman, kuma yana bukatar likita ya riƙa dubawa.
• Zazzagowar mahaifa. Ta fi samun matan da suka yi haihuwa da yawa da ɗaukar kaya masu nauyi. Mace takan ji kamar wani abu yana saukowa.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya mayar da kaurin fata. Idan ana ta shan sa ba gwaji, yana kashe sauran ƙwayoyi masu amfani, kuɗi kuma ya tafi a banza.

Abubuwan da suke ƙara ɓarna

Matsi. A ƙasar Kabi da Sakkwato kayan mata sananne ne, kuma macen da ni'ima ta ɗauke mata ita ce ta fi samun masu yi mata talla. Abin da ake ci, kamar dabino, aya da kwakwa, abinci ne, ba laifi. Haɗarin yana wurin abin da ake cusawa. Alam, kanwa, gishiri da bagaruwa suna tsotse ruwa, suna tsuke nama. Gaban da ya riga ya bushe ya tsuke ba ya bukatar wannan. Suna iya ƙona fatar, kuma likitoci a Nijeriya sun sha ganin matan da gabansu ya haɗe ya toshe bayan irin wannan ƙuna.

Wanke ciki. Sabulu mai ƙamshi, turare, ruwan zafi ƙwarai da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa a ruwan wanka duk suna ƙara bushewa. Cikin gaba ba ya bukatar wanki. Ruwa mai tsabta a waje ya isa.

Man ƙaiƙayi na kemis. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin da yake rage kaurin fata idan an daɗe ana shafawa ba da umarnin likita ba.

Yankan gishiri. A wasu wurare, idan mace tana jin zafi wajen saduwa ko ƙofa ta tsuke, akan ce gishiri ne, a kira wanzami ko ungozoma a yanka da aska. Mafitsara tana manne da bangon gaba ta sama. Ga babbar mace wannan bango ya rasa kauri, aska tana iya huda shi nan da nan. Abin da yake biyo baya shi ne zubar jini, ruɓewa ko yoyon fitsari. Akwai cibiyar kula da masu yoyon fitsari a Gesse, cikin Birnin Kebbi. Amma rigakafi ya fi magani. Kada a yarda a yanka.

Abin da yake taimako

Idan an duba an tabbatar bushewa ce, ga matakan da ake bi:

• Man santsi. Ana shafa shi lokacin saduwa domin rage gogayya. Wanda aka yi da ruwa, irin su K-Y Jelly, shi ya fi dacewa. Wasu suna shafa man kwakwa ko man kaɗanya mai tsabta a fatar waje. A sani cewa mai irin su man kwakwa da man kaɗanya yana lalata kwaroron roba. Kada a sa man zafi ko man gashi.
• Man danshi na gaba. Wannan dabam yake da man santsi. Ana sa shi sau biyu ko uku a mako, ko da saduwa ko babu.
• Istirojin na sawa a gaba. Akwai na shafawa, akwai ƙwaya. Shi ne yake gyara tushen matsalar: yana mayar da kaurin fata da danshi da tsami, yana kuma rage dawowar ciwon fitsari. Yawanci ana sawa kullum har mako biyu, daga nan sau biyu a mako. Ana fara jin sauƙi cikin 'yan makonni, cikakken amfani kuwa yana iya kai wata uku. Kaɗan ne ƙwarai yake shiga jini. Idan an daina, bushewar takan dawo. Likita ne yake rubuta shi. Ba a fara shi idan akwai jinin da ba a san dalilinsa ba. Wadda ta taɓa yin sankarar nono ta gaya wa likita tukuna.
• Tufafin ciki na auduga, a wanke, a ɗauraye sabulun sosai, a shanya a rana.
• Saduwa cikin natsuwa, idan babu zafi, tana taimaka wa jini ya riƙa zagaya wurin. Idan da zafi, a dakata a nemi magani.

Macen da al'adarta take zuwa tana tsallake wata ba ta gama ba tukuna, tana iya ɗaukar ciki. Mai tsarin iyali ta ci gaba har shekara biyu bayan jinin ƙarshe idan ba ta kai shekara 50 ba, ko shekara ɗaya idan ta wuce.

Ina za a je?

A fara da asibitin da ya fi kusa, inda akwai nas ko ungozoma. Idan babu kayan dubawa, a nemi takardar turawa zuwa babban asibitin Gwandu ko babban asibitin jiha da yake Kalgo. A Birnin Kebbi akwai asibitin Sir Yahaya da Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda aka fi sani da FMC, inda ake samun likitocin mata. A Sakkwato akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A tambaya a asibitin mazaɓa yadda ake rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wato KECHEMA, domin rage nauyin kuɗi.

Magana ga magidanta

Idan uwargida ta fara guje wa shimfiɗa a waɗannan shekaru, wasu maza sukan ce ta daina so, ko an yi mata asiri, ko raini ya shigo. Gidaje sun yi sanyi saboda wannan zato, bayan shekara 30 ana zaman lafiya. Sau da yawa zafi take ji, kunya kuma ta hana ta faɗa. Maigida ya tambaye ta a hankali, ya saurara. Kada ya tilasta mata, domin fatar tana iya yagewa ta yi jini. Ya ba ta lokaci, ya yarda da man santsi. Idan ta ce ta ga jini, kuɗin mota zuwa asibiti ya fi kowane kashe kuɗi na wannan mako muhimmanci.

Abin da zumuntar mata za ta iya yi

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Zumunta za ta iya gayyatar nas ko ungozoma ta yi magana da matan da suka wuce shekara 40 su kaɗai, ba yara, ba surukai. Za a iya zaɓan dattijuwa biyu masu riƙon asiri waɗanda mace za ta iya gaya wa damuwarta su raka ta asibiti. Za a iya ware wani abu daga adashi domin kuɗin mota da gwaji. Mata huɗu ko biyar za su iya tafiya tare rana ɗaya, har da maƙwabtan da ba 'yan zumunta ba. Ranar 18 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar da duniya ta ware domin maganar ɗaukewar al'ada, za a iya sa taron kusa da ita. Kakanni kuma su tabbata jikokinsu mata sun karɓi allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa, wadda Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023.

Tambayoyi domin tattaunawa

• Wane suna muke ba wannan matsala a garinmu? Wa mace take fara gaya wa?
• Idan babbar mace ta ga jini bayan shekaru, me mutane suke cewa? Me ya kamata a yi?
• Waɗanne abubuwa ake sayar wa mata a kasuwanninmu domin matsi? Mun san abin da yake cikinsu?
• Har yanzu ana yankan gishiri a yankinmu? Wa zai iya yin magana da wanzamai da ungozomomi cikin girmamawa?
• Nawa ne kuɗin zuwa Gwandu, Kalgo ko Birnin Kebbi a dawo? Yaya za mu taimaki gwauruwar da ba ta da mai biya mata?
• Wane dattijo ne maza suke jin maganarsa, wanda zai iya karanta musu sashen magidanta?